Bulala da Malfa: Tarihin Horon Ɗalibai a Wurno da Rabah da Goronyo



Duk wanda ya taɓa zama a taron iyaye da malamai a ƙasar nan ya san kukan da ake fara yi tun kafin a zo kan maganar rufin aji ko kuɗin alli. Kukan shi ne yaran yanzu ba su da ladabi, dalilin da akan bayar kuwa guda ɗaya ne, wai an ajiye bulala. Sai dattijo ya miƙe ya ce a zamaninsu inuwar malam ma tsoronta ake yi, jama'a su gyaɗa kai, a wuce. Ban zo domin in ƙaryata dattawa ba, gama bulalar da suke faɗi sun sha ta, ni ma na sha rabona. Abin da nake so mu yi shi ne mu bi sawun maganar cikin tarihin yanki guda, watau Wurno da Rabah da Goronyo a gabashin Sakkwato, mu ga ko bulalar ce ta riƙe makarantun da, ko kuwa akwai wani abu a bayanta wanda mantuwa ta share. Zan faɗi ra'ayina tun da wuri domin masu niyyar musu su shirya: abin da ya riƙe ɗalibin da shi ne ya san abin da ake nema gare shi, yana kuma ganin sakamakon da idonsa, bulala kuwa an gindaya mata iyaka. Duk lokacin da sakamako ya gajarta, a lokacin ne bulala take yin tsawo.

Wajen shekarar 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a gefen Gulbin Rima, ya mai da ita ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, tana fuskantar Gobirawa da Azbinawan da ba su sallama ba tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Can ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya riƙa mazauni, har matafiyin nan Heinrich Barth ya yi makonni a garin cikin 1853. To, su wane ne mazauna irin wannan gari? Akwai Fulani makiyaya waɗanda Bello yake lallashi su zauna wuri ɗaya, akwai waɗanda aka kamo a yaƙi, akwai masu sana'a da mayaƙa da malamai. Mutane ne waɗanda ba su tashi kan al'ada guda ba, wasunsu ma jiya-jiya suke fuskantar juna da baka da kibiya. Matsalar Bello, in an duba, matsalar malamin aji ce aka faɗaɗa ta ta cika gari: yaya za a yi waɗanda ba su saba da doka ɗaya ba su karɓe ta, su kuma tashi 'ya'yansu a kanta? Shawarar da ya ba Muhammadu Jailani, malamin Buzaye, game da zaunar da makiyaya ta nuna tunaninsa: a gina musu gari da masallaci, a sa musu liman, a sa mai karantar da yara. A wurin Bello makaranta wani sashe ne na tsaron gari, kamar ganuwa.

Malaman da aka ɗora wa wannan aiki ba da ka suke yinsa ba. Mazhabar Malikiyya ta daɗe da yi wa malamin yara dokoki. Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a Ƙairawan a 870, ya rubuta ɗan littafi kan ladubban malamai, Alƙabisi wanda ya rasu a 1012 ya faɗaɗa shi, sa'an nan Ibnul Hajji, wanda ya rasu a Masar a 1336, ya ware wa malamin yara babi a cikin Madkhal. Wannan Madkhal ɗin Shehu Usmanu ya yawaita kafa hujja da shi a littattafansa, ƙanensa Abdullahi kuwa taƙaita shi ya yi a littafin da ya kira Lubabul Madkhal. Saboda haka ba baƙon littafi ba ne a zaurukan Sakkwato da Wurno.

Mene ne a cikin dokokin? Na farko, duka shi ne matakin ƙarshe. Ibnul Hajji ya lura yara ba ɗaya suke ba: wani ɗaure fuska kawai ya ishe shi, wani sai an tsawata masa da kakkausar murya, wani kuwa sai an kai ga bulala, kuma bai halatta a yi wa na farko maganin na uku ba. In an kai ga dukan, bulala uku ce ƙa'ida. Ɗan Sahnunu ya ce ba a wuce ukun sai da izinin uba, ko da izinin ma ba a haura goma. Ba a dukan fuska, ba a dukan kai, ba a hana yaro abinci ko ruwa da sunan horo, kuma malam ba zai yi duka domin huce fushinsa ba. An hana shi fifita ɗan mai kuɗi a kan ɗan talaka, an hana shi aiken yara buƙatun gidansa ba da yardar iyayensu ba. Akwai kuma wata doka wadda nake so ku riƙe ta, domin za mu komo kanta: malam ba zai miƙa wa wani ɗalibi bulala ya dakar masa ɗan'uwansa ba, saboda tsakanin yara akwai gaba da ramuwa. In malam ya ƙetare iyaka har ya yi wa yaro lahani, malaman fiƙihu sun tattauna abin da zai biya. Watau malamin da ake tsoron inuwarsa shi ma yana da wanda yake tsoro, alƙali.

A ɗaya ɓangaren ga Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda malaman jihadi suka san Ihya'u tasa ciki da bai. Shawararsa ita ce in yaro ya yi abin kirki a yabe shi a gaban mutane, a ba shi abin da zai faranta masa rai. In ya yi kuskure karo na farko a kau da kai kamar ba a gani ba, musamman in yana ƙoƙarin ɓoyewa. In ya sake, a yi masa faɗa a asirce, kada kuma a yawaita faɗan har ya zama ruwan sha. Ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, in ba haka ba zuciyarsa za ta mutu. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ma fi zafi: a ganinsa tsanani yana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara da kasala, domin yakan saba da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba, don gudun hannun da ke kansa. Wanda ya taɓa kwafar aikin gida a bakin ƙofar aji saboda tsoron dorina ya san abin da malamin nan yake nufi.

Ba ina cewa kowane malamin allo a Wurno ya bi waɗannan dokoki sau da ƙafa ba. Tsakanin littafi da aiki kullum akwai tafiya. Mu ma mun taso muna jin ana cewa duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba, maganar da na fi zaton malamai masu saurin hannu ne suka fi jin daɗinta. Amma al'ummar da ta rubuta iyaka tana ƙetarewa ta bambanta da wadda ta manta akwai iyakar. A ƙaramin gari mai ganuwa, uban yaro da malamin yaro sahu ɗaya suke bi a masallaci sau biyar a yini. Shatar bulala a bayan yaro ba ta kwana ba a yi maganarta ba.

Yanzu mu dubi abin da ya fi bulalar aiki, wanda har yau ana iya ganinsa a makarantun allo na yankin. Ban san wata dabarar koyarwa da ta kai allo bayyana wa yaro abin da ake nema gare shi ba. An rubuta maka karatunka, ga shi a hannunka, ba kuwa za ka wanke ba sai ka biya wa malam ya gamsu. Izinin wanke allo shi ne ladan yini, ba ya cin ko anini, amma kowa a tsakar makaranta yana ganin wanda ya tafi wanki da wanda ya kwana uku da tsohon rubutu. Daga babbaƙu a je farfaru, daga nan a kai ga haɗa baƙi, har ranar da za a ce yaro ya fara rubuta allonsa da kansa. In ya kai wasu surori ko ya cika izifi, gida za a yi sadaka, a kawo makaranta a raba wa 'yan'uwansa, don haka ci gaban ɗaya daɗin baki ne ga duka, ba abin hassada ba. Ranar sauka kuwa sai a yi wa allo zayyana, a taru, yaro ya karanta gaban dattawa, a yi yanka, ya zaga gidajen dangi ana ba shi tukuici. Ƙanensa ɗan shekara shida yana biye da shi yana kallo. Wane wa'azi kan himma za a yi wa wannan ƙane da ya wuce abin da idonsa ya gani?

Tsanin kuma bai tsaya nan ba. Mai sauka yakan shiga makarantar ilmi a zaure, ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya haura Iziyya da Risala, mai rabo ya kai Muhtasar. A zaure babu bulala sam. Abin da ɗalibi yake tsoro shi ne malam ya yi shiru bai ƙara masa ba, abin da yake fata kuwa shi ne ijaza, izinin karantarwa mai ɗauke da sunayen malamai daga nasa malamin har zuwa mawallafi. A daular da malamai suka kafa, wannan izini hanya ce ta limanci da alƙalanci da rubutun fada. Yaron Wurno yana iya nuna da yatsa mutumin da karatu ya kai shi inda yake.

Hujjata mafi ƙarfi dai mace ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo, ta zauna a Wurno da Sakkwato, kuma ita ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Ɗalibanta matan ƙauye ne, yawancinsu dattijai da 'yan matan da ba su isa aure ba, domin su ne suke da halin tafiya. Babu dogarin da ya koro su. Kowace ƙungiya tana ƙarƙashin jagora da ake kira jaji, su tako da ƙafa daga ƙauyukansu, su kawo abin da ya sawwaƙa na hatsi ko zuma ko man shanu a raba wa mabukata, su koyi waƙoƙin da Asma'u ta tsara da Hausa da Fulatanci kan tsarki da salla da kyautata wa maƙwabci, su koma gida su koya wa matan da ke cikin kulle. Da me ta riƙe su? Ta naɗa wa jaji malfa, ta ɗaure ta da jan rawani. Masu bincike irin su Jean Boyd sun nuna malfar nan alama ce ta Innar Gobir, shugabar mata a tsohuwar sarauta, wadda matan yankin suka sani suke kuma girmamawa. Asma'u ta ɗauki alamar girma da mutane suka riga suka yarda da ita ta ɗora a kan ilmi. Ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u marsiyya bayan rasuwarta, abin da galibi manyan gari ake yi wa. Gargaɗi yana nan cikin waƙoƙinta na wa'azi, mai tsanani ma, amma na Lahira ne, ba hannun malama ne zai zartar ba. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, ya kuma rayu har ya ga zuwan Turawa ya wuce. Makaranta ce ba aji, ba rajista, ba bulala, ta fi daular da ta haife ta tsawon rai.

Turawa sun ci Sakkwato cikin Maris 1903, makarantar da suka kawo kuwa ta zo da wata matsala wadda allo bai san ta ba: iyaye ba su so. A farkon al'amari ba wanda zai iya nuna mutumin da boko ya amfana, sai dai tsoron a mai da yaro Nasara. Don haka tilas ta shigo tun daga bakin ƙofa. Ana yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya yanka wa dagatai, kuma sananne ne wasu masu sarauta sun ɓoye 'ya'yansu sun tura 'ya'yan barori. Yaron da aka kamo daga gona ba a rasa shi da gudu, mai gudu kuwa ba a rasa shi da duka.

Amma a Rabah, gefen Gulbin Sakkwato, aka haifi wanda zai zama amsar tambayar iyayen. Rabah ma gidan zuriyar Bello ce: Abubakar Atiku na Rabah, Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, ɗan Bello ne, shi ne kuma kakan Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin a 1910. Ahmadu ya fara da allo a Rabah, ya shiga makarantar lardi a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya komo ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Ba na musun cewa jinin sarauta ya yi masa aiki. Amma tare da shi akwai 'ya'yan talakawa da barori da suka fito Midil suka zama malaman haraji da na asibiti da na gona a En'e, masu albashi da keke da fararen kaya. Daga lokacin da aka fara ganin waɗannan a kasuwa, boko ya sami nasa allon zayyana. Ladabin ɗan Midil da ake ba mu labari gaskiya ne, sai dai a tuna ɗalibai kaɗan ne, malam ya san sunan kowa da na ubansa, kuma kora daga makaranta tana nufin asarar aikin da yake jiran mutum tabbas. Wanda ke da abin asara ba ya bukatar duka da yawa.

Tsarin horon da Turawa suka dasa a Katsina da makarantun Midil kwafi ne na manyan makarantun kwana na Ingila, irin wanda ake danganta wa Thomas Arnold, shugaban makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842. Abin sha'awa, shekarun da Bello yake gina Wurno ke nan. An raba ɗalibai gida-gida ana gasa, an ba wasanni muhimmanci, har Sardauna ya shahara da wasan ƙwallon bango da ya koyo a Katsina, akwai ranar ba da kyaututtuka a gaban sarki da Razdan. Shi ma wannan tsari yana da iyakarsa a rubuce: hedimasta ne ke da ikon yanke hukuncin bulala, a kuma rubuta laifin da adadin a littafin horo domin mai duba makarantu ya gani. Amma ya zo da abu guda da ɗan Sahnunu ya hana ƙarara, watau miƙa wa manyan ɗalibai ikon horon ƙanana. A makarantar kwanan da na yi, wadda ba zan ambaci sunanta ba, mun fi tsoron shugabannin ɗalibai da malamai nesa ba kusa ba. Monita yakan rubuta sunayen masu surutu da masu yin Hausa a aji, kuma duk mun san gutsuren ƙuliƙuli yana goge suna. Abin da na koya a wannan takarda bai shafi ladabi ba. Na koyi cewa mai riƙe da alƙalami ana iya sayensa, ina kuwa jin wasu daga cikinmu sun tafi da darasin har ofis.

Cikin 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, a watan Satumba na shekarar kuma aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Gwamnati ta yi shirin karɓar yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Niyya ce mai kyau, ba kuwa zan so a koma zamanin da ilmi yake hannun 'yan tsiraru ba. Sai dai duk abubuwan da suka riƙe ladabi sun kwance a lokaci guda. An horar da malamai cikin gaggawa, aji ya cika har malam bai san sunaye ba balle iyaye, ana ciyar da yaro gaba ko ya iya ko bai iya ba, watau ana wanke masa allo bai biya ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makara, takardar shaida kuma ta daina zama alkawarin aiki. Me hukuma ta yi da ta ga ladabi ya zube? A ƙarshen shekarun 1970 an tura sojoji makarantun sakandare, a Maris 1984 kuma aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. An ƙara wa bulala tsawo, ba a taɓa ɓangaren sakamako ba. Littafin horo kuwa a makarantu da yawa ya ɓace, kowane malami da sandarsa.

Karatun allo ma bai tsira ba, kuma ta hanya ɗaya ya cutu. Da aka riƙa kwasar yara ƙanana ana kai su birane masu nisa, malam ɗaya da taron da ba zai iya ciyarwa ba, sai uban da ake neman izininsa kafin bulala ta huɗu ya zama yana kwana da yini nesa. Abin da 'yan sanda suka tarar a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina cikin 2019, yara da manya ɗaure da sarƙa, ba gadon Madkhal ba ne, kuma bai kamata masu kare shi su fake da malaman jihadi ba.

Mu haura gulbi zuwa Goronyo, inda aka kammala madatsar ruwa a kan Rima a 1984. Fadamar da ta tashi daga nan zuwa Wurno tana ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa rani da damina. Ku ma'aikatan ilmi kun san abokin hamayyar malamin firamare a wannan yanki ba taurin kan yara ba ne, fadama ce. Yaro in ya yini yana dashen albasa, kafin magariba an biya shi a hannu. Yarinya in ta ɗauki talla, da yamma uwarta ta ƙirga riba. Fadama ta faɗi abin da take nema, ta kuma biya a ranar. Makaranta tana cewa a jira shekara goma sha shida, ga kuma yayan yaron da ya jira yana zaune a gindin bishiya da takardarsa. In an zane wannan yaro saboda fashi, an hore shi ne a kan lissafin da ya yi daidai.

Hukuma ta gane haka ta wani gefe, sai ta kwashe lada da horo daga kan ɗalibi ta mai da su kan iyaye. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, ta kuma tanadi gargaɗi ga uban da ya ƙi, sa'an nan tara ko ɗauri in ya sake. Daga 2014 zuwa 2016 wani shiri na ilmin 'ya'ya mata da UNICEF ta tallafa wa ya riƙa ba iyaye mata N5,000 a kowane zubi saboda kowace yarinya, Wurno da Goronyo suna cikin ƙananan hukumomin da aka zaɓa. Ban raina wannan ba, domin ya biya uwa ribar tallan da ta rasa, an kuwa ga 'yan mata sun ƙaru a rajista. Amma kuɗi bakin ƙofar aji yake kai yarinya. In ta shiga ta tarar ba wanda zai saurari karatunta ya ce ta iya, ba ranar da za a kira sunanta gaban mutanen gari, ba wata mace mai malfa da za ta kalla ta ce haka nake so in zama, to ranar da kuɗin ya tsaya za ta koma ga farantinta. Asma'u ba ta biya kowa ba, su ne ma suke kawo mata zuma.

A shekarun baya-bayan nan kuma maganar ta koma inda Bello ya faro ta, watau tsaro. Cikin Yuli 2018 'yan bindiga suka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah, jama'a suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16, cikinsu har da na Rabah da Gandi da Goronyo. Cikin Oktoba 2021 aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Malamin da ke karɓar yaran da suka ga irin wannan da idonsu yana da masu firgita, da masu faɗa ba dalili, da masu shiru kamar ba sa nan. Bambancin da Ibnul Hajji ya yi tsakanin yaro da yaro a nan ya daina zama ƙawar littafi. Yaron da ya ga an harbi ubansa, me sandar malam za ta tsoratar da shi da shi?

Ga ɗaliban tarihi da ke cikin ɗakin nan ina da aiki. Tsofaffin makarantun elementare da Midil sun ajiye littattafan horo da littattafan da hedimasta yake rubuta abin da ya faru kowace rana, wasu suna nan jibge a ɗakunan ajiya na ofisoshin ilmi, gara tana ci. A Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da ita kuma akwai tsofaffin matan da kakanninsu suka bi jaji, suna riƙe da waƙoƙin a ka. Ku je ku kwafi littattafan shafi-shafi, ku ƙirga bulala nawa aka rubuta a shekara da laifin da aka yi ta dominsa, sa'an nan ku zauna da matan ku tambaye su abin da ake yi wa wadda ta yi fashi, da abin da ake yi wa wadda ta haddace. Ku tafi da goro, kuma ku je kafin damina ta ɓata hanya.